Teku Ma Yana Da Damanarsa

Kowane manomi ya san alamun damana. Iska ta juya, hadari ya haɗu a gabas, ruwan fari ya sauka, bayan ƴan kwanaki sai dajin da ya yi wata bakwai a ƙone ya rufe da ɗanyar ciyawa. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, teku ma yana da irin wannan lokaci. Kowace shekara, tsakanin watan Maris da watan Yuni, ruwan arewacin Tekun Atlantika yakan juye daga shuɗi zuwa kore a kan faɗin dubban kilomita, tun daga gaɓar Kanada har zuwa gaɓar Norwe, har taurarin ɗan Adam suna ɗauko hotonsa daga sama.

Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Abin da ke rina shi wasu ƙananan tsirrai ne da ke hayayyafa a lokaci guda, kuma a kansu ne kusan dukan mai rai a cikin teku ya dogara. Ko da yake ƙasarmu ba ta da gaɓar teku, kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwannin Yamai da Maraɗi, da sardin na gwangwani da ke kan teburin mai shago a Tawa ko Damagaram, duk da waɗannan tsirrai aka yi kiwonsu. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san abin da ke kawo wannan damana, da abin da ke ƙare ta, da kuma abin da ke faruwa in ta saɓa lokacinta.

Tsirran da ido ba ya gani

Masana suna kiran waɗannan tsirrai fitofilankton. Wani masani Bajamushe mai suna Victor Hensen ne ya fara amfani da kalmar filankton a shekarar 1887, ya ɗauko ta daga harshen Girka, ma'anarta kuwa abin da ke yawo inda ruwa ya kai shi. Danginsu ɗaya da gansakukar da muke gani a kan ruwan tabki ko a jikin randa, sai dai su ba su da saiwa, ba su da ganye, kowannensu ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda ba a ganinta sai da madubin likita. Akwai wani iri mai suna Prochlorococcus, wanda Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana wa duniya a 1988. A cikin ruwan da bai cika ƙaramin cokali ba ana iya samun fiye da 100,000 daga cikinsu. Akwai kuma diyatom, waɗanda suka fi girma, suna gina wa kansu ɓawo da silis, watau sinadarin da ke cikin rairayi wanda ake yin kwalba da shi. Su ne suka fi yawa a farkon damanar teku.

Duk da ƙanƙantarsu, aikinsu babba ne. Kamar gero da dawa, suna amfani da hasken rana su haɗa abincinsu daga ruwa da iskar kabon, sa'an nan su saki iskar oksijan. In aka auna nauyin dukan tsirran duniya, nasu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma su ke yin kusan rabin wannan aiki a duniya baki ɗaya. Asirin yana ga saurin haihuwarsu. In hali ya yi kyau, ƙwaya ɗaya takan rabu biyu a kwana guda. Wanda ya iya lissafi ya gwada: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, a kwana 10 an sami 1,024, a kwana 20 an wuce miliyan. Ƙananan ƙwarin ruwa masu kama da jatan lande, waɗanda ba su fi ƙwayar shinkafa girma ba, su ke kiwo a kan waɗannan tsirrai. Ƙananan kifaye su ci ƙwarin, manyan kifaye su ci ƙananan, ɗan Adam kuma ya jefa taru ya kwashe.

Haske a sama, taki a ƙasa

To, in suna da irin wannan saurin haihuwa, me ya hana teku zama kore kullum? Dalili shi ne abubuwa biyu da suke bukata ba a wuri ɗaya suke ba.

Na farko haske. Zurfin teku, in aka daidaita, ya kai mita 3,700, amma hasken da zai ishi tsiro ba ya wuce mita 200 ko a ruwan da ya fi kowane garau, a wurare da yawa ma ba ya kai mita 50. Duk abin da ke ƙasa da nan duhu ne.

Na biyu taki. Abin da manomi ke nema a cikin buhun takin zamani, watau azot da fosfor, shi ne tsirran teku ke nema, ga kuma silis domin diyatom, da ɗan ƙarfe kaɗan. Wani masani Ba'amurke, Alfred Redfield, ya nuna cewa a jikin filankton da cikin ruwan zurfi, azot da fosfor suna tafiya bisa ma'auni kusan iri ɗaya, wajen 16 ga 1. Wannan ya nuna inda takin yake tafiya: tsirrai suna tsotse shi a sama, in sun mutu su nitse, su ruɓe a cikin duhu, takin ya taru can ƙasa inda babu mai amfani da shi.

Sa'an nan akwai abin da ke raba sama da ƙasa. Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka yakan kwanta bisansa kamar yadda mai ke tasowa bisa miya. In rana ta gasa saman teku, sai wannan ruwa mai ɗumi ya zama murfi, ya hana na ƙasa tasowa. Shi ya sa tsakiyar manyan tekuna na yankin zafi, inda rana ke gashi shekara duka, ruwansu yake shuɗi garau. Kyan gani gare shi, amma ga masunci hamada ne. Damanar teku ba ta samuwa sai a lokacin da wani abu ya haɗa hasken sama da takin ƙasa.

Hunturu ya yi huɗa, bazara ta yi shuka

A arewacin Atlantika, hunturu ne ke fara aikin. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu rana ba ta daɗewa a sama, iska mai tsananin sanyi tana kaɗawa, guguwa tana bin guguwa. Ruwan sama ya yi sanyi, ya yi nauyi, ya nitse, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa. Wannan gauraya takan kai zurfin ɗaruruwan mita, a Tekun Labrador ma takan wuce mita 1,000. Kamar yadda garma ke juya ƙasa, haka hunturu ke juya ruwa, ya fito da takin da ya yi watanni a ɓoye.

Amma a wannan lokaci tsirran ba su iya cin moriyarsa sosai. Masanin da ya fara bayyana dalili da lissafi shi ne Harald Sverdrup, mutumin Norwe, a shekarar 1953, bayan ya duba awon da wani jirgin ruwa na binciken yanayi ya yi a Tekun Norwe a bazarar 1949. Ga yadda bayaninsa yake. Tsiro ba ya samun abinci sai yana cikin haske, amma yana kashe abin da ya tara ko'ina yake, a haske ko a duhu. In ruwa yana jujjuya shi tsakanin sama da zurfi mai nisa, yawancin lokacinsa a duhu yake, abin da yake kashewa ya fi abin da yake samu, kamar ɗan kasuwar da kuɗin motarsa ya fi ribarsa. Saboda haka akwai wani zurfi da ya zama iyaka: in gauraya ta wuce shi, tsirrai su ragu; in ba ta kai shi ba, su ƙaru.

Da bazarar Turai ta shigo, abubuwa biyu sukan faru tare. Rana ta ƙara tsawo da ƙarfi, haskenta ya ƙara nitsawa, iyakar nan ta matsa ƙasa. A lokaci guda iska ta lafa, saman ruwa ya fara ɗumi, gauraya ta takaita ga ƴan mitoci goma-goma na sama. Ranar da zurfin gauraya ya kasa kai wa iyakar, tsirrai sun sami kansu tsare a cikin haske, ga taki jibge kewaye da su. Cikin mako biyu ko uku sai ruwa ya rine. Da yake ɗumin yana farawa daga kudu ne, korewar ma daga kudu take farawa, tana hawa arewa sannu a hankali, har ta isa bakin ƙanƙarar Tekun Arktik a tsakiyar shekara.

Inda masana suka ƙara bayani

Fiye da shekara 50 bayanin Sverdrup shi ake koyarwa a makarantu. Amma da kayan awo suka ƙara kyau, sai aka ga abubuwan da bai ƙunsa ba. Tauraron ɗan Adam na farko mai auna kalar teku ya tashi a 1978, aka bi shi da wani mai suna SeaWiFS a 1997. Sa'an nan aka zuba dubban na'urori masu shawagi a cikin tekuna, suna nitsewa suna tasowa da kansu, suna aiko da awo ko a tsakiyar hunturu lokacin da jiragen bincike ba su iya fita.

A 2010 Michael Behrenfeld, na jami'ar jihar Oregon a Amurka, ya duba awon taurari na shekara 9, ya ce in aka ƙidaya dukan tsirran da ke cikin ruwa daga sama har inda gauraya ta tsaya, yawansu yana fara ƙaruwa ne tun tsakiyar hunturu, lokacin da haske ya fi kowane lokaci ƙaranci. Dalilin da ya bayar ya shafi masu kiwo. A yawancin kwanakin shekara, kusan duk abin da tsirrai suka haifa a yini, ƙwarin ruwa suna cinye shi a wannan yini. Amma in hunturu ya watsa tsirrai da ƙwari cikin ruwa mai zurfin ɗaruruwan mita, sai su yi nisa da juna, mai ci ya sha wahala kafin ya gamu da abin ci, kamar garke kaɗan a cikin daji mai faɗi. Tsirran suna haihuwa a hankali, amma ana cin su a hankali fiye da haka, sai su fara taruwa. In bazara ta zo haihuwarsu ta ƙara sauri, ƙwari suna biye da su amma kullum a baya, kuma wannan ɗan ratar da ke tsakani ita ce ke taruwa ta zama korewar da ake gani.

Wasu kuma suka lura cewa ba sai saman ruwa ya yi ɗumi ba. Da zarar iska ta daina sanyaya shi, jujjuyawar ta yi sanyi, tsirran da ke kusa da sama sun sami damar haihuwa kafin a ja su ƙasa. A wani bincike da aka yi kudu da tsibirin Aisland a 2008, wanda Amala Mahadevan da abokan aikinta suka buga sakamakonsa a 2012, an ga cewa manyan kewaye-kewayen ruwa suna tura ruwa marar nauyi bisa mai nauyi, su yi murfi tun rana ba ta yi nata ba, har korewa ta riga lokacinta da kwana 20 zuwa 30. Abin da aka fahimta yanzu shi ne haske, da gauraya, da masu kiwo duk suna da hannu, kuma wanda ya fi rinjaye ya danganta ga wuri da shekara.

Yadda damanar ke ƙarewa

Murfin da ya kawo albarka shi ne kuma ke yanke ta. Da yake ruwan ƙasa ya daina tasowa, takin sama yakan ƙare cikin ƴan makonni. Diyatom ne ke fara faɗuwa in silis ya ƙare. Suna manne wa juna su zama dunƙule-dunƙule, su yi ta zuba ƙasa kamar audugar rimi, har su isa ƙasan teku a zurfin mita 4,000, inda halittun da ba su taɓa ganin rana ba suke samun rabonsu na shekara. Tare da su wani kashi na iskar kabon da suka zuƙa yakan nitse, ya daɗe a can shekaru ɗaruruwa. Ba domin wannan aiki ba, da iskar kabon da ke sararin sama ta fi haka yawa, da zafin duniya ma ya fi haka.

Bayan diyatom sai wasu iri su karɓi fili. Akwai masu rufe jikinsu da ɓawon alli, waɗanda ke mai da ruwa fari-fari kamar an zuba madara. A watan Yuni na 1991 an ga irin wannan kudu da Aisland, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 250,000, watau kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasar Nijar. Ɓawon irin waɗannan halittu, da ya taru shekaru miliyoyi, shi ne fararen duwatsun alli da ke gaɓar Dover a Ingila. Su kuma sau da yawa ƙwayoyin cuta na birus ne ke kashe su cikin ƴan kwanaki. Da kaka, in guguwa ta fara dawowa ta fasa murfin alhali da sauran haske, akan sami wata ƙaramar korewa ta biyu kafin duhun hunturu ya rufe.

A gaɓar Afirka iska ce ke jawo taki

A yankinmu na zafi babu hunturun da zai juya teku haka. A nan iska ce ke aikin, ta wata hanya mai ban mamaki wadda wani masani mutumin Suwidin, Vagn Walfrid Ekman, ya bayyana a 1905. Saboda juyawar duniya, ruwan da iska ke turawa ba ya bin iskar kai tsaye: a arewacin duniya yakan karkata hannun dama, a kudanci kuma hannun hagu. A gaɓar Maroko da Muritaniya da Senegal, iska tana kaɗawa daga arewa zuwa kudu, tana bin gaɓa. Wanda ya fuskanci kudu, damansa yamma ne. Ke nan ruwan sama yana barin gaɓa ya nufi tsakiyar teku, sai ruwa mai sanyi mai taki ya ɓuɓɓugo daga zurfin mita 100 zuwa 200 ya cike gurbin. Ga rana kuwa a wadace.

Lokacin wannan ɓuɓɓuga yana ɗaure da lokacin namu ruwan sama. Iyakar da ke tsakanin busasshiyar iskar arewa da danshin iskar kudu, wadda hawanta arewa ke kawo mana damana, ita ce ke kashe iskar arewa a gaɓar Senegal. Saboda haka tekun Senegal yakan yi albarka daga wajen Disamba zuwa Mayu, lokacin da muke cikin rani, ya huce lokacin da muke noma. A wajen Nuwadibu ta Muritaniya ɓuɓɓugar ba ta tsayawa shekara duka, a Maroko kuma ta fi ƙarfi a tsakiyar shekara. Shi ya sa Maroko take kan gaba a duniya wajen fitar da sardin na gwangwani.

A gaɓar Gana da Kwaddibuwa lokacin ya bambanta. Babbar ɓuɓɓuga tana zuwa daga Yuli zuwa Satumba, zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 25, akwai kuma wata ƙarama a farkon shekara. A nan, bayan iska, igiyar ruwan Gini da ke ratsa ƙusoshin gaɓa da wasu raƙuman ruwa na ƙarƙashi da ke zuwa daga tsakiyar Atlantika suna taimakawa wajen ɗago ruwan sanyi. Watannin nan ne masuntan Elmina da Tema ke jira domin kamun sardinela.

Manyan wurare huɗu ne a duniya ke da irin ɓuɓɓugar Muritaniya: gaɓar arewa maso yammacin Afirka, gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu, gaɓar Peru da Cile, da gaɓar Kalifoniya. In aka haɗa su ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin teku ba, amma daga cikinsu ake samun wajen kashi 20 cikin 100 na kifin da ake kamawa a tekunan duniya.

Ƙurar hunturu takin teku ce

Akwai wurare, musamman tekun da ya kewaye Antaktika da wani sashe na Pasifik, inda azot da fosfor suke a wadace amma ruwa ba ya korewa yadda ya kamata. A ƙarshen shekarun 1980 John Martin, wani masani Ba'amurke, ya ce ƙarfe ne babu. Ya rasu a 1993, ƴan watanni kafin a gwada maganarsa kusa da tsibiran Galapagos. A gwaji na biyu, a 1995, an narka ƙarfen da bai kai rabin tan ba aka zuba a wani yanki na Pasifik, cikin kwanaki tsirrai suka ninka fiye da sau 20, har ma'aikatan jirgin suka ga ruwa ya yi kore da idanunsu. Tun 2008 ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Landan kan zubar da abubuwa a teku suka amince kada a yi irin wannan sai domin binciken ilmi.

Daga ina teku ke samun ƙarfe in yana nesa da gaɓa? Yawanci daga ƙura. Wani lissafi da masanan hukumar NASA suka buga a 2015 ya nuna cewa kowace shekara wajen tan miliyan 182 na ƙura ke fita daga yammacin Sahara ta bisa Atlantika, kuma kashi mai yawa a cikin teku yake sauka. Wurin da ya fi kowane fitar da ƙura a duniya shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi. Yawancin hazon da ke rufe gabashin Nijar da arewacin Najeriya daga Disamba zuwa Fabrairu daga can yake tasowa, ya wuce har Tekun Gini. Shekaru 6,000 zuwa 7,000 da suka wuce, Bodele ƙasan wani babban tabki ne, kakan Tabkin Cadi na yau, wanda faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 300,000. Farar ƙasar da iska ke kwasa a yanzu, yawancinta ɓawon diyatom ne da suka rayu a cikin wannan tabki. Ke nan hazon da ke sa mu tari yana ɗauke da gawar tsirran da, ya kai wa na yanzu ƙarfe da fosfor. Wannan ƙarfe yana da muhimmanci musamman ga wani iri mai suna Trichodesmium, wanda ke iya zuƙo azot daga iska kamar yadda wake da gyaɗa ke yi wa gona.

In kifi da abincinsa suka saɓa

Muhimmancin damanar teku bai tsaya ga yawanta ba, har da lokacinta. Ɗan kifi in ya ƙyanƙyashe yana da ɗan guzuri na ƴan kwanaki a jikinsa. In ya ƙare bai sami abin ci ba, ya mutu. Johan Hjort, mutumin Norwe, ya nuna a 1914 cewa ƴaƴan kifin herin da aka haifa a shekara guda, 1904, su suka cika tarun masuntan ƙasarsa shekaru da yawa a jere, ya kuma danganta wannan ga abin da ƴaƴan kifi suka samu a kwanakinsu na farko. Daga baya David Cushing na Ingila ya faɗaɗa maganar: kifi yana zuba ƙwai kusan lokaci ɗaya kowace shekara, amma korewar ruwa takan riga ko ta makara da makonni, in sun dace a sami shekarar yalwa, in sun saɓa a sami ta rashi. Manomin da ya taɓa shuka a ruwan fari, sa'an nan ruwa ya ɗauke kwana 20, ya san irin wannan asara.

Ƙasar Peru ta ɗanɗana abin da ke faruwa in damanar ta ƙi zuwa. A 1970 masuntanta sun kama fiye da tan miliyan 12 na wani ƙaramin kifi mai suna ancobeta. A 1972 yanayin nan da ake kira El Nino ya kwanto da ruwan ɗumi mai kauri bisa gaɓar, ruwan da ke ɓuɓɓugowa ya zama marar taki, ga kuma kamun wuce kima da aka daɗe ana yi. A 1973 abin da aka kama bai kai tan miliyan 2 ba, dubban mutane suka rasa aiki. A 2023 ma, da ruwan ɗumin ya dawo, gwamnatin Peru ta soke kakar kamu ta farko a babban yankin kamunta.

Yawan taki ma masifa ne. Takin gonakin Amurka da kogin Misisipi ke kwasowa zuwa Tekun Meziko yana sa tsirrai su yi yawa fiye da kima, in sun ruɓe su cinye oksijan ɗin ruwan ƙasa. A 2017 yankin da kifi ba ya iya zama a cikinsa ya wuce murabba'in kilomita 22,000.

Abin da ke gabanmu

Tekuna suna ƙara ɗumi, murfin saman ruwa yana ƙara ƙarfi. Wani bincike da aka buga a 2023, bisa awon tauraron ɗan Adam na shekara 20, ya nuna cewa kalar ruwa ta canza a kashi 56 cikin 100 na faɗin teku. A Tekun Arktik, inda ƙanƙara ke narkewa da wuri, abin da tsirrai ke samarwa ya ƙaru da kashi 57 cikin 100 tsakanin 1998 da 2018. A Tekun Arewa na Turai, awon da ake yi tun 1931 ya nuna cewa wasu halittun sun matso da lokacinsu gaba da makonni, wasu kuma suna nan inda suke, watau mai ci da abin ci sun fara saɓa wa juna. A watan Fabrairu na 2024 aka harba wani sabon tauraro mai suna PACE, wanda ke iya bambanta irin tsirran da ke cikin ruwa daga kalarsu.

A gaɓar Afirka ta Yamma an lura sardinela yana matsawa arewa, daga ruwan Senegal zuwa na Muritaniya da Maroko, kuma kwamitin masana na hukumar FAO ya daɗe yana cewa ana kama shi fiye da kima. Tun shekarun 2010 masana'antun garin kifi suka yawaita a Nuwadibu da Senegal da Gambiya, inda ake niƙa kilo 4 zuwa 5 na kifi kafin a sami kilo guda na gari, a fitar da shi waje domin kiwon wasu kifaye da dabbobi. A Gana kamun sardinela ya faɗi ƙwarai tun daga shekarun 1990, har a 2019 gwamnati ta rufe kamu na wata guda ga masu kwale-kwale.

Wannan kifi shi ne naman talaka daga Dakar har cikin ƙasashen Sahel, ko ɗanye, ko busasshe, ko mai ƙauri. Babu gwamnatin da za ta iya umartar iska ta kaɗa ko ruwan zurfi ya taso, amma yawan abin da ake kamawa, da lokacin da ake kama shi, da wanda ake sayar wa, duk a hannun mutane suke. Ma'aikatan da ke kula da cimakar jama'a suna bin labarin ruwan sama da farashin hatsi kowane mako. Ya kamata su riƙa sauraren labarin gaɓar Muritaniya da ta Gana ma, domin in damanar teku ta yi gardama, bayan ƴan watanni uwargida za ta ga alamarta a wurin mai sayar da kifi.